Yadda Ake Zaɓen Tiyo da Mahaɗan Ruwa na Motar Kwana a Legas

Ranar da na fara ƙoƙarin zuba wa motata ruwa a ƙofar gida a Agege, sai da yaran unguwa suka taru. Motar irin wadda ake kwana a cikinta ce, da gado da wurin girki da ɗan banɗaki, tokumbo ce daga Amurka. Na sayo tiyo sabo da kansa na tagulla, na ɗaura a bakin da ruwa ke shiga motar, ya yi zagaye biyu ya cije. Maimakon in tsaya in duba, sai na ɗauko filaya na matsa. Bakin na roba ne, haƙoransa suka cinye nan take. Wani mai ruwa da ke tsaye da kurarsa ya dube ni ya ce, "Alhaji, da ka bari na juye maka da mazurari, da yanzu mun gama." Gaskiyarsa, kuma daga baya mazurarin nan ya shiga cikin kayan da ba na tafiya sai da su.

Yawancin shawarar da mutum zai gani kan wannan harka an yi ta ne don sansanonin Amurka da Turai, inda kowace mota ke da famfonta a gefe, bakin famfunan iri ɗaya, ruwan kuma na zuwa da ƙarfi. Mu nan ga matatar ruwa ta Iju kusa da mu, tun 1915 take aiki, ga ta Adiyan, amma yawancin gidaje da burtsatse da tankin sama da jarkar mai ruwa suke rayuwa. In ka kama hanyar Arewa, ta Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, Jebba, Mokwa, ruwanka zai fito ne daga famfon gidan mai yau, na masallaci gobe, jibi kuma daga duro. Don haka kayan da za ka ɗauka su ne waɗanda za su iya karɓar ruwa daga duk inda aka same shi.

Fara da bakin motar, kafin ka taka kasuwa

Zagaya motar ka nemi inda ruwa ke shiga. Motocin Amurka galibi baki biyu gare su. Ɗaya rami ne mai murfi, wanda ake zura tiyo ko mazurari ruwa ya gangara cikin tanki da kansa. Ɗayan mai haƙora ne, ana ɗaura masa tiyo ruwan waje ya wuce kai tsaye zuwa famfunan cikin mota ba tare da ya bi ta tanki ba. Na Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, yawanci ramin zubawa kawai suke da shi, kuma mai irin wannan ya huta da rabin ciwon kan da zan faɗa. Wanda ya mayar da Hiace ko Coaster ɗakin kwana da kansa kuwa, shi ke zaɓen bakin da za a sa masa, sai ya ce a sa irin na kasuwarmu.

Abin da ya cinye mini baki shi ne haƙori, abin da 'yan kasuwa ke kira tiredi. Kayan famfon da aka saba da su a Najeriya tsarin Ingila suke bi, wato BSP, kuma mai inci 3/4 yana da haƙora 14 a kowane inci. Bakin tiyo na Amurka kuwa GHT ne, shi ma ana ce masa inci 3/4, amma haƙoransa 11.5 ne a inci. Faɗinsu ya kusa zama ɗaya, bambancin bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba, shi ya sa ido ba ya ganewa, kuma shi ya sa yake shiga zagaye ɗaya ko biyu ya yaudare ka. Akwai na uku, NPT, wanda Amurkawa ke sawa a bututun cikin mota. Shi haƙoransa 14 ne kamar BSP a wannan girman, amma kwanciyar haƙorin ta bambanta, zai ɗauru ya riƙa zufa. Ƙa'idar da na koya da kuɗina ita ce, duk abin da hannu bai iya murzawa zagaye uku cikin sauƙi ba, ba nasa ba ne, a ajiye filaya.

Mafita uku ce. Ko ka yi odar mahaɗi mai GHT a gefe ɗaya da BSP a ɗayan, kuma ka sayi biyu don ɗaya zai ɓata. Ko mai gyaran famfo ya cire bakin gaba ɗaya ya sa namu. Ko kuma, in motar ta zo da farin tiyonta, ka bar kan da ke shiga mota yadda yake, ka yanke ɗaya kan da ke zuwa famfo, ka sa masa kai na BSP. Wannan ta ukun ita na fi so, don ba ta buƙatar komai sai wuƙa da kai ɗaya da kilif, wato zoben ƙarfen da ake matse tiyo da shi a jikin kai.

Tiyon ruwan sha

A nan ne mutane ke neman sauƙi, kuma a nan ne bai kamata ba. Koren tiyon ban-ruwa da ake wanke mota da shi ba don sha aka yi shi ba. Ka bar ruwa a cikinsa awa biyu a ranar Legas ka ɗanɗana, za ka ji roba a harshenka, shayi ma ba ya ɓoye ta. Abin da ya fi warin damuwa shi ne abin da ba a ji: wasu robobin da wasu kawunan tagullar suna da dalma a ciki. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, tun bayan abin da ya sami ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. A Amurka, tun daga Janairun 2014 doka ta taƙaita dalmar da ke cikin kayan famfon ruwan sha zuwa kashi 0.25 cikin ɗari, amma dokar ba ta hau kan tiyon lambu ba. Ke nan ko da tiyo ya zo daga can, zuwansa kaɗai ba shaida ba ce.

Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne ko na abinci. Galibi fari ne ko shuɗi, kuma in ka ga alamar NSF/ANSI 61 to an gwada shi don wannan aikin. Rubutun ya zama a jikin tiyon kansa, a jere daga farko har ƙarshe, ba a takardar da aka manna a leda ba. In ba ka samu na motar kwana ba, masu sayar da kayan masana'antar fiyawota suna da tiyon abinci mai zaren saƙa a cikin bangonsa, ana yanka maka da mita. Aibinsa ɗaya, garai-garai yake, haske na ratsa shi, gansakuka na fitowa a ciki in ana barinsa a rana da danshi. Ya zauna a jaka mai duhu. Siririn tiyon nan da magina ke auna daidaiton gini da shi, da tiyon gas ɗin nan mai launin ruwan lemo, kada ma a kawo zancensu.

Ga gwajin kasuwa: lanƙwasa tiyon ya zama kamar baka. In ya karye ya manne wuri guda, haka zai riƙa yi maka kullum a bayan taya. Sannan ka kai bakinsa hanci. Mai warin sabon takalmin roba ka mayar masa da abinsa.

Game da faɗi, za ka ga inci 1/2, da 5/8, da 3/4, wato kusan milimita 13, da 16, da 19 ta ciki. Inda ruwa ke da ƙarfi rabin inci ya isa. Amma tankin sama mai tsayin mita 5 ƙarfin da yake bayarwa rabin bar ne kawai (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), don kowane mita 10 na tsayi bar ɗaya yake haifarwa. Da irin wannan lallausan ruwa, siririn tiyo mai tsawo zai sa ka yi sallar La'asar ka dawo tanki bai kai rabi ba. Ni 5/8 nake amfani da shi. Na 3/4 ya fi gudu, amma nauyi da cin wuri sun yi yawa ga mota.

Tsawo kuma, kada ka sayi guda ɗaya mai mita 30. Sayi biyu, ɗaya kamar mita 7 ko 8, ɗaya mita 15, da mahaɗin da zai haɗa su ran da famfo ya yi nisa, kamar a gidajen Legas da mota ke tsayawa a titi famfo na can bayan gida. Yawancin lokuta gajeren zai wadatar, kuma shi ya fi sauƙin tsiyayewa. Mita 15 na mai inci 5/8 yana riƙe kusan lita 3 a cikinsa, kuma in ba ka zubar ba, wannan ruwan ne zai kwana yana ɗumi ya fara shiga tankinka gobe.

Kawunan da ke kama famfo

'Yar jakar da za ka tara kawunan nan a ciki ita ce ainihin dukiyar. Famfunan da za ka tarar kala-kala ne: mai haƙora na inci 3/4, mai na inci 1/2, mai santsin baki babu haƙori ko ɗaya, na roba da rana ta gasa, da wanda bututu ne kawai aka sa wa bawul. Saboda haka ka tanadi kan BSP na 3/4, da ɗan zoben da ke rage shi zuwa 1/2, su biyun sun gama da masu haƙora. Ga marasa haƙora akwai kai na roba mai laushi da ake tura bakin famfo a ciki a ɗaure da kilif mai kunne. In ba ka same shi ba, guntun tiyo mai faɗi kamar tsawon tafin hannu da kilif biyu suna yin aikin. Ɗan tsinken robar tayar babur, wanda kowane mai ruwa ke yawo da shi, shi ma ka jefa a jakar. Ba kyau gare shi ba, amma ya fitar da ni kunya a Mokwa.

Masu ƙarfin hali suna sa mahaɗan nan na karɓa-ka-saki irin na Gardena ko Hozelock, waɗanda ake turawa su yi ƙas. Suna da daɗi, musamman in kana cirewa da mayarwa kullum. Amma jabunsu sun cika kasuwa, kuma ɗan zoben robar da ke ciki shi ne ransu, in ya tsage sai feshi. In za ka bi wannan hanya, bi ta gaba ɗaya da iri guda, ka kuma riƙe zobban canji.

Tagulla ko roba? A gefen famfon waje, inda ake yawan ɗaurawa da kwancewa, kuma abin na faɗuwa ƙasa ana takawa, tagulla marar dalma ta fi. A gefen mota, in bakin na roba ne, ka yi hattara da ɗaura masa kan tagulla mai haƙora ta waje da ƙarfi, shi ke tsaga shi. Ka sa gwiwa, wadda 'yan kasuwa ke kira elbo, a bakin motar, don tiyo ya sauka ƙasa kai tsaye maimakon ya tsaya a miƙe nauyinsa na jan bakin. Ƙaramin abu ne, amma bakin da ya tsage daga ciki bangon mota yake jiƙawa, ba za ka sani ba sai katako ya fara wari.

Kilif kuma ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, har da sukurin da ke jikinsa. Iskar Legas gishiri gare ta, mai araha damina ɗaya yake yi. Sai wasa, wato ɗan faifan robar da ke cikin kan tiyo. Sayi goma. Kan tiyo da wasa yake toshe ruwa, ba da haƙori ba, don haka in yana ɗiga, wasa za ka canja, naɗa farin tef a wurin ɓata lokaci ne. Tef na haƙoran bututu ne, kamar inda ake ɗaura kai a jikin filta, kuma ana naɗa shi ne ta inda ake murzawa, zagaye huɗu ko biyar.

Ran da babu famfo sam

Wannan ranar ta fi yawa fiye da yadda kake zato. Mai ruwa ya kawo jarkoki masu lita 25, ramin zubawa kuma yana daidai ƙirjinka. Kowace jarka kilo 25 ce, tankin lita 100 jarka huɗu ke nan, kana ɗagawa kana jiƙa riga. Mazurari babba mai lanƙwasasshen wuya yana rage wahalar, kuma shi ba ya lalacewa. Amma abin da ya fi shi ne ɗan injin jan ruwa mai amfani da batirin mota, na bolt 12, irin su Shurflo ko Seaflo. Masu matsakaicin girma suna jan kusan lita 11 a minti, jarka ɗaya cikin minti biyu da 'yan kai. Ka sa masa fis a wayarsa, da dogon waya mai kama kan batir.

Tiyon da ke gefen tsotsa dabam yake da na turawa. Dole ya zama mai tauri, mai zare ko waya a bango, in ba haka ba injin na fara ja zai manne kamar tsinken shan lemo. Mita biyu ya isa, kuma a sa masa 'yar rariya a baki don yashin gindin duro. Ajiye injin kusa da ruwan, ƙasa-ƙasa, don irin waɗannan injina sun fi iya turawa a kan jawowa daga nesa. Ka kuma tambayi abin da duron ya taɓa ɗauka kafin ka tsoma tiyonka. Jarkar man gyaɗa da aka wanke ba laifi, duron sinadari kuwa ko an rantse maka an wanke, ka wuce.

Na'urar rage ƙarfin ruwa da filta

Amurkawa ba sa ɗaura tiyo sai da na'urar rage ƙarfi, wadda ke tsayar da shi wajen psi 40 zuwa 50, kusan bar 3 ke nan. Mu matsalarmu rashin ƙarfi ce, don haka in kana zubawa ta rami daga tankin sama, cire ta, tana ƙara shaƙe ruwan ne kawai. Inda take da amfani shi ne ran da aka haɗa ka kai tsaye da injin burtsatse, ko gidan da ke da injin ƙara ƙarfi, kuma ka ɗaura a baki mai haƙora. A nan ruwan na iya fin ƙarfin mahaɗan cikin mota. A bakin famfo ake sa ta, kafin tiyo, don ta kare tiyon shi ma. Injin wankin mota kuwa kada ya kusanci bakin motarka ko da wasa.

Filta ba a tafiya babu ita. Wanda ya zauna Lekki ko Ajah ya san ruwan da ke fitowa fari ya koma ja a bokiti saboda ƙarfen da ke cikinsa. Gidan filta mai inci 10, irin wanda ake sawa a gidaje, da ɗan cikinsa mai tacewa na maikiron 5, wato ƙanƙantar dattin da yake iya tarewa, ko'ina ana samu, bakinsa kuma BSP ne, ya dace da kayanka. Yana tare yashi da laka da tsatsa. Mai gawayi yana gyara wari da ɗanɗano. Babu ɗayansu da ke cire gishiri, kuma kada ka dogara da su wajen ƙwayoyin cuta. An yi fama da kwalara a Legas a tsakiyar 2024, ba tsohon labari ba ne. A motata ruwan tanki na alwala ne da wanka da wanke-wanke da girkin da zai tafasa. Na sha kuwa, ko a dafa ko a sayi na roba.

Tiyon ƙazanta

Gajeriyar magana: nasa dabam, launinsa dabam, jakarsa dabam, wurin ajiyarsa dabam. Motocin Amurka suna da ƙaton tiyo mai inci 3 na zubar da tankin banɗaki, ka duba shi da kyau don tokumbo kan zo da wanda ya tsattsage. Ka ƙara wani tiyo na yau da kullum, baƙi ko kore, don ɗauraye wancan da wanke mota. A nan koren tiyon lambu ya sami aikinsa. Zancen najasa ne, wanda zai yi alwala da ruwan tankin nan ba ya son wasiwasi. Safar hannu ta roba ta zauna a jakar. Zubarwa kuma a masai ko ramin sokawe da izinin mai wurin, ba a kwatar titi ba.

Shiga kasuwa

Kayan famfo, kasuwar Odunade da ke Coker a kan hanyar Badagry. Injin bolt 12 da fis da waya, Ladipo ko Alaba. Kada ka je da baki kawai. Kwance abin da kake son a haɗa ka sa a aljihu, ko ka yanki guntun tiyonka, a gwada a gabanka. In ka ce "inci uku bisa huɗu" mai shago zai ce akwai, kuma bai yi ƙarya ba, nasa ne dai ba naka ba. Wani ya taɓa ce mini, "Alhaji, duk ɗaya ne, ka sa tef da yawa." Na miƙa masa bakin motar na ce ya ɗaura da hannunsa. Ya murza sau biyu, ya yi dariya, ya aika yaronsa shagon maƙwabci.

Haɗawa, wankewa, ajiyewa

In za ka cusa kai mai gaɓa-gaɓa cikin tiyo, fara zura kilif, sannan ka tsoma bakin tiyon a ruwan zafi minti ɗaya ya yi laushi. Kada ka shafa mai ko sabulu, kuma kada ka gasa da wuta. Tura har ƙarshe, ɗaure kilif a bayan gaɓar farko. Jera su haka: famfo, na'urar rage ƙarfi in da buƙata, tiyo, filta, guntun tiyo, gwiwa, mota. Kafin ka haɗa da mota, saki ruwa ya gudu ƙasa rabin minti ya fitar da wanda ya kwana da ƙura. Gwajin farko a gida ake yi, da rana, a bar shi minti goma ana shafa kowane mahaɗi da busasshen tsumma.

Sabon tiyo da tanki suna son wanki da bilic kafin a fara amfani, haka kuma bayan mota ta daɗe a ajiye. Irin su Jik da Hypo ƙarfinsu kashi 3.5 cikin ɗari ne, sai ka sa kamar mililita 150 ga kowace lita 100, marar turare. Dama shi a bokitin ruwa tukuna, ka zuba ta cikin tiyon don shi ma ya samu, cika tanki, buɗe kowane famfo har ka ji warin, rufe, ka bar shi awa huɗu. Cire filtar gawayi kafin ka fara, don tana shanye bilic ɗin. Sannan ka zubar, ka ɗauraye sau biyu ko uku har warin ya tafi.

Bayan kowane amfani, ɗaga tiyon daga kai ɗaya kana tafiya har ya tsiyaye, naɗe shi da faɗi, ka toshe bakunan biyu da murfi ko ka ɗaura su da juna. A Legas kyankyasai da danshi kake tarewa, in ka haura Jebba lokacin hunturu kuma ƙura. In motar za ta yi sati biyu ba tafiya, buɗe bakunan ka rataye shi a inuwa ya bushe sosai, ka fitar da ɗan cikin filta daga gidansa shi ma ya sha iska. Jakar kawuna da wasa da kilif da sukundireba kuwa tana ƙarƙashin kujerar direba, don ran da aka ce maka "ga famfo can, yi sauri kafin a ɗauke wuta", ba lokacin sauke kaya ba ne.